Yadda Na Shiga Kasuwar Yelwa da Ankwa

Tun da na dawo daga Yauri ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta ƙofar shagon tela, a wurin aiki, har a maƙabarta ranar da muka kai wani maƙwabcinmu, sai da wani ya matso ya raɗa mini, "Malam Ummaru, wai da gaske an gan ka da ankwa a kasuwar Yelwa?" Da gaske ne. Bakina ya gaji da maimaitawa, kuma duk wanda na ba labarin sai ya je ya ƙara masa gishiri. To ga shi a rubuce. Mai tambaya ya karanta, ya bar ni in sha furata.

Ga wanda bai san ni ba, ni marubucin wasan kwaikwayo ne a gidan talabijin. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da shiri guda, Ranar Mai Kaya, wasan ɓarayi da masu kama su. Ni ke rubutawa, ni ke raba wa 'yan wasa aiki, ni ke tsayawa bayan mai ɗaukar hoto ina cewa a sake. Duk mako sai an yi sata, duk mako sai Sufeto ya kama ɓarawo kafin labarai. Na yi ɓarawon shanu, na yi ɓarawon taki, na yi mai yankan aljihu har sau ba adadi. A Sakkwato muka fara. Da aka ba mu jiha, aka raba ma'aikata da kayan aiki, rabona ya faɗo Birnin Kebbi: ni, da tsohuwar na'urar ɗaukar hoto guda, da Sahabi mai riƙe ta, da Labbo wanda ke fitowa a Sufeto. A lokacin na riga na gaji. Mutum ya kwana ya tashi yana tunanin yadda ake fasa ɗakin mutane shekara goma sha ɗaya, ai dole zuciyarsa ta yi kanta.

Wasiƙa ce ta tayar da ni. Sakkwato ta fara zuwa, ta yi watanni tana yawo daga tebur zuwa tebur kafin ta same ni. Da gani wani mai rubutun wasiƙa aka sa, amma maganar ba tasa ba ce. Ga abin da ke ciki: "Zuwa ga mai wasan ɓarayi. Ni ce Hajo, matar Gado da kuka sa wa ankwa. Kun gama wasanku kun tafi, mu har yau ba mu gama ba. In kana tsoron Allah ka zo ka gani."

Wallahi sai da na yi tunani kafin na tuna wane ne Gado, kuma wannan kaɗai ya isa abin kunya.

Shekara biyu kafin nan mun je wata tunga ta masunta a ƙasar Shanga, mun ɗauki wasa a kan satar taru, wato babbar komar nan da jama'a ke haɗuwa su ja. Al'adar aikinmu a ƙauye ita ce mu tafi da Sufeto kaɗai, sauran 'yan wasa mu tsince su a can, don motarmu ba ta ɗaukar mutane da yawa. Gado dogo ne, mai fara'a, shi ya fara ɗaga hannu da na ce wa zai fito a ɓarawo. A takardata sunan ɓarawon Jatau. Amma da aka zo wurin da jama'a za su bi shi da gudu, sai kowa ya riƙa ihu, "Gado! Ku tare Gado!" Muka sake, suka maimaita. Muka sake na uku, haka. Mutane ne da suka san shi tun yana rarrafe, bakinsu ya ƙi Jatau. Batir yana mutuwa, rana tana faɗuwa. Na zaro biro na soke Jatau, na rubuta Gado. A ƙarshen wasan alƙali ya ba shi wata shida, Labbo ya ɗana masa ankwa, muka ci tuwon shinkafa muka kama hanya.

Na gaya wa shugabanmu za ni bakin babban tafkin ƙasar Yauri ɗaukar sabon wasa, ya ba mu a-kori-kurar ofis. Sahabi ke tuƙi. Ba mu wuce Jega da nisa ba ta fara tafasa, muka riƙa tsayawa muna ba ta ruwa kamar mai zazzaɓi. A wani shinge kafin Koko, masu tsaron suka leƙo, suka ga Labbo, sai fuska ta sake. Wannan ya sara masa, wancan ya kawo masa gyaɗa, wani yana tambaya yadda yake gane ɓarawo tun daga tafiyarsa. Labbo ya gyara zama ya ce, "Aiki ne, samari. Sai an daɗe ana yi." Ni da na sa masa kowace kalma a baki shekara goma sha ɗaya, ina gefensa a matse da jakar batir a cinya, ba wanda ya tambayi ko sunana. Ban damu ba, na saba. Fuskata ba ta taɓa fitowa a akwatin ba ko sau ɗaya.

Da muka bar kwalta muka nufi Shanga, hanya ta zama abin da Allah ya yi. A wata fadamar shinkafa muka kafe, sai da manoma suka ajiye aikinsu suka tura mu, Labbo yana daga tudu yana ba da umarni don kada takalminsa ya ɓaci. La'asar muka isa tungar. Na tarar da Sarkin Ruwa a gindin bishiyar da na bar shi shekara biyu da suka wuce, yana ɗinkin taru, ya saƙala zaren a babban yatsan ƙafarsa. Muka gaisa, bai daina ɗinki ba.

"Kai na mai alƙalami," in ji shi. "Na gane ka. Gado ba shi nan. Tun bara yak kwashe iyalinai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kowa ya san wasa ne. Kai da kanka ka ara mana tabarmar da alƙali ya zauna."

"Ni na sani. Mutanen tungag ga sun sani. Amma ruwan ga ba namu na mu kaɗai ba, Malam."

Sai ya warware mini. Kwana kaɗan bayan tafiyarmu Gado ya gangara ƙasan tafki kamun kifi, kamar yadda yake yi duk rani, kuma ba ya dawowa sai kusan wata shida. Yana can aka nuna wasan. Wani a Yelwa ya naɗe shi a kaset, ya riƙa nuna shi duk ranar kasuwa. Masunta daga tungaye na kusa da na nesa suka ga Gado, da jirginsa, da sunansa, da ankwa a hannunsa, suka ji alƙali ya ce wata shida. Suka zo tunga suka tambaya, Gado ba ya nan. Da ya dawo, aka ce an sako shi.

"Na yi bayani har miyauna ya ƙahe," in ji Sarkin Ruwa. "Sai su ce mani, to mun ji wasa na, amma mutum nawa ad da akwai cikin tunga, don mi sai shi? Ruwa ba ya tsami banza. Kuma ka san ana sata cikin ruwan ga, an daɗe ana yi. Da can in anka yanke ma mutum mamari, sai shi bar ma Allah, don bai san ko wa ba. Kai ka zo ka ba su suna."

A nan na gane abin da ban gane ba da ina rubutun. Mu a gida, hatsi yana rumbu, rumbu yana cikin gida, gida yana da ƙofa da kwaɗo. Su dukiyarsu a ruwa take kwana. Mutum zai shimfiɗa mamarinsa mai ƙugiyoyi ɗaruruwa, ya koma gida ya yi barci, ba abin da ke gadinsa sai amana. A irin wannan wuri, a ce da mutum ɓarawo ya fi a karya masa jirgi. Taru kuma ba ya jawuwa da hannu biyu, sai maza daga tunga biyu ko uku sun haɗu, kuma su suka ce ba su ƙara kama igiya ɗaya da Gado.

Na ce zan tara su in rantse musu da Alƙur'ani. Tsohon ya ciji zare ya tofar, ya ce, "Abin da ido yag gani, baki ba ya goge shi. In kana da gyara, ta inda ka ɓata za ka bi. Randa sunka yarda, gurbinai yana nan."

A Yelwa, babban garin Yauri, muka sauka, a wani masauki da ke da fanka a sama don ado. Sauron garin ba ya jin hayaƙi, ba ya jin magani, ina jin ko wa'azi ba ya ji. Abinci kuwa, da safe kifi, da rana kifi, da yamma kifi. Mu da muka tashi da fura da tuwon gero, kifi sai an yi baƙo. Na tambayi mai abincin ko tana da abin da babu kifi a ciki, ta ce akwai ruwan sha.

Da hantsi muka nemo gidan kallon. Rumfar kwano ce a bayan kasuwa, da benci, da injin wuta mai hayaƙi. Mai wurin, Ɗanladi, ya kusa durƙusa wa Labbo, ya ce kaset ɗinmu shi ne uwar kasuwarsa. Ya sa mana. Na zauna na kalla tun daga farko, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne wasan ya yi kyau. Yana cikin mafi kyawun abin da na taɓa yi. Gado ya iya: yadda yake waige kafin ya sa hannu a ruwa, yadda ya sunkuyar da kai gaban alƙali. Wasu da suka shigo jin ƙarar inji suna faɗin maganganun kafin 'yan wasa su faɗa. Na roƙi Ɗanladi ya daina nuna shi.

"Ko na daina, Malam, an riga an kwafa, yana wurare da dama," in ji shi. "In kana da sabo mai Sufeto a ciki, kawo in sa. Amma in gaya maka gaskiya, mutane ba su cika zuwa kallon mai gaskiya ba."

Shi ya gaya mana inda za mu samu Hajo, don tana kawo banda duk ranar kasuwa daga wata tunga a ƙasar Ngaski. Ba hanyar mota, sai jirgi.

Ban taɓa shiga jirgin inji ba sai ranar. An loda masa buhunan albasa, da awaki, da babur guda a kwance, sannan aka ce mutane su shiga. Ga Gungawa suna hira da harshensu, ga matan Kambari da suka sauke kayansu daga kafaɗa, don su a kafaɗa suke ɗauka ba a ka ba. Wani mutum yana tsakiya da yankakkiyar jarka yana kwalfe ruwa tun da muka tashi har muka isa, kuma ba wanda abin ya dama sai mu uku. Sahabi ya naɗe na'urarsa a leda ya rungume, yana ta salati. Don in ɗauke hankalina na tambayi mai jirgin ina Kebbi ta ƙare, ina Neja ta fara. Ya ce, "Ka tambayi kihi." Can gaba ya nuna wani wuri da leɓe, ruwa ne fetal ba komai, ya ce garin kakansa yana ƙarƙashin nan tun da aka datse kogin.

Bukkar Gado tana can gefen tungar, ita kaɗai, da tazara tsakaninta da sauran. Ya rame, dogon nan ya ɗan ranƙwafa. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya kawo ruwa, ya tambayi iyalina da gajiyar hanya. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Hajo kuwa tana bakin murhun banda, idanunta jajur don hayaƙi, ba ta amsa sallamata ba sai da ta gama juya kifin da ke gabanta.

"Kai na mai wasan?"

"Ni ne, Hajo. Wasiƙarki ta makara a hanya."

"Ba ta kai shekara biyu ba dai." Ta goge hannu a zane. "Ka ga inda munka koma. Nan ma labarin ya riga mu zuwa. Shi kaɗai yaka hita da 'yan ƙugiyoyinai, abin da yas samu shi muka ci. Ka san in ya shiga masallaci, mutane ɗaukar takalmansu suka yi su shiga da su?"

Gado ya ce, "Hajo, baƙi na."

"Na san baƙi na. Wancan karon ma baƙi na."

Na rasa inda zan sa idona. Na yi shekaru ina rubuta wa mutane kalmomin neman gafara, kuma ana yabawa, amma ranar ba ko ɗaya da ta zo bakina. Sai na koma ga abin da na iya. Na ɗora takarda a gwiwa na tsara wasa: an ci gaba da satar taru bayan an ɗaure Gado, Sufeto ya gane ya kama wanda bai ji ba bai gani ba, ya kamo ɓarawon gaske, ya cire hula gaban jama'a ya roƙi Gado gafara.

Labbo ya tubure. "Haba Malam. Sufeto ba ya kuskure. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa ba."

Na ce, "To gobe zai fara."

Kafin nan mazan tungar sun taru kallon Sufeto. Na miƙe na yi musu bayani, suna ta gyaɗa kai, har na zo inda na saba zuwa, na ce wa zai fito a ɓarawo. Ban taɓa ganin taro ya watse da sauri haka ba. Wannan ya tuna zai duba jirgi, wancan ya ji ana kiransa. Kafin ka ce kwabo ba kowa sai mu. Kuma ban ga laifinsu ba, sun ga abin da ɗaga hannu ya jawo wa mutum. Sahabi yana riƙe da na'ura, Labbo Sufeto ne. Na tsaya ina lissafin banza, alhali amsar tana tsaye cikin rigata.

"Ga ka nan," in ji Hajo.

Na ce to, zan fito, a kira ni Jatau.

"A'a. Da sunanka na yanka, da na garinku. Yadda ka yi mishi."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na tuna Inna a ƙauye, da 'ya'yana a makaranta, da surukaina, da cewa ba wanda ya san fuskata balle ya ce ai wane ne, ɗan wasa ne. Duk dalilan da suka zo mini na ƙi, na duba na ga Gado ma yana da irinsu ranar da ya ɗaga hannu, kuma ban tsaya na tambaye shi ko ɗaya ba. Na ce mata na yarda.

Washegari ranar kasuwar Yelwa ce, muka fara tun da sanyin safiya don mu samu jirgi. Gado ya ara mini wata tsohuwar rigarsa, yagaggiya, mai ƙarnin kifi. Na shiga ruwa har gwiwa na jawo tarun mutane, na waiga yadda na ga ya yi, na gudu, aka bi ni ana ihun "Ummaru!", kuma wannan karon ba wanda bakinsa ya ƙi. Labbo ya murɗe mini hannu ya ɗana ankwa ta gaba, ya faɗi sunana da na garinmu da ƙarfi. Sannan ya cire hula gaban Gado. Na rubuta wa Gado jawabi mai kyau, ya ce shi ya gama faɗin maganar wani. Labbo ya ce, "Ka yafe mini, Gado, na zalunce ka." Gado ya dube shi. Can ya ce, "Allah shi yahe muna baki ɗai." Sahabi ya kashe na'ura.

Na miƙa wa Labbo hannu na ce ya buɗe. Ya laluba aljihun riga, ya laluba na wando. Ya ce ai a bakin murhun banda ya ajiye mabuɗin da safe, kusa da hularsa. Muka duba, babu. Muka tona yashi, muka kakkaɓe tabarma, Labbo ya rantse ya ba Sahabi, Sahabi ya rantse bai taɓa ganinsa ba. Ankwar nan ta gaske ce, tsohuwa, tun farkon shirin muke da ita, mabuɗinta ɗaya tak. Hajo tana ta jera kifinta a kwando, ko kallonmu ba ta yi. Ga jirgin kasuwa ya iso yana kira, babu wani sai gobe, tungar kuma ba maƙeri. Gado ya ce ya san wani a Yelwa, zai raka ni.

Sai a lokacin na gano mai ankwa ba ya iya tuɓe riga. Haka na shiga jirgi, da yagaggiyar rigar Gado, da laka har gwiwa, Labbo a gefena da kakinsa, don ya ce ba lokacin canzawa, ni kuwa na san ba ya son cirewa ne. Matar da ke kusa da ni ta jawo ƙullin kayanta ta ɗora a cinya. Na ce Labbo ya yi musu bayani, ya yi, tiryan-tiryan. Suka saurara, suka gyaɗa kai, wani dattijo ya ce, "Allah Sarki, wasa na ashe," sannan ya zare agogonsa ya sa a aljihu.

Sahabi ya zaro tawul zai rufa mini a hannu. Na dubi Gado, yana zaune gabana yana kallon ruwa. Na ce Sahabi ya bari.

Da muka hango Yelwa, bakin ruwa ya cika maƙil da jirage da mutane. Gado ya matso, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba mai ji sai ni.

"Malam, in mun hita, ka sadda kanka ƙasa, ka dubi ƙahwahun mutane. Kak ka dubi ido. Shi yaf fi sauƙi."

Na ce, "Haka kake yi?"

"Duk ran kasuwa."

Daga bakin ruwa zuwa maƙera sai an ratsa layin masu kifi gaba ɗaya. Tafiyar ba ta kai ta shan kofin shayi ba, amma ban taɓa yin mai tsawonta ba. Na ga ƙafafu iri-iri suna ja da baya. Na ga hannu ya janye faranti daga gabana. Wani ya tofa miyau ya sauka a kan yatsuna. Ina jin ana tambaya, "Wane na? Mi yay yi?" Kuma ina jin murya ɗaya a bayana tana ba kowa amsa, a natse, ba gaggawa: "Ɓarawon taru na. Shi as silar da anka ɗaure Gado banza. Ku jira kaset." Hajo ce, da kwandonta a ka. Wajen tsakiyar layin wasu samari suka fara matsowa, ɗaya da guntun itace, kuma na san abin da ake yi wa ɓarawo a kasuwa, ni na sha rubuta shi. A nan Labbo ya yi mini rana. Ya ɗaga hannu ya daka musu tsawa da muryar Sufeto, suka tsaya cak. Na yafe masa duk gyaɗar da ya ci shi kaɗai.

Maƙerin bai yi tambaya ba. Ya ɗora hannuna a kan uwar maƙera, ya ɗauko kurfin yankan ƙarfe da guduma. Gado ya sa hannunsa ya danne nawa har aka gama. Tabon yana nan a wuyan hannuna na hagu, masu son gani su zo da rana.

Muka dawo gida. Na haɗa wasan, na aika wa Ɗanladi kwafi. An ce ranar da ya fara sa shi sai da ya cire kwanon gefe ɗaya na rumfar don jama'a, kowa yana son ganin mutumin da ya gani da idonsa an ratsa da shi kasuwa. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, ban taɓa iya tara wa shiri jama'a kamar yadda mai banda ta tara masa da ƙafa a wuni ɗaya ba. Shugabanmu ya nuna shi yana gunaguni, wai na zubar da mutuncin Sufeto. Inna ta aiko a kira ni. Na je na yi mata bayani, ta ce ta san ban yi sata ba, ita ta haife ni, amma ta daina zuwa suna da biki sai maganar ta kwanta. Wannan ya fi tofin miyaun ciwo. Na ƙara rubuta wasa huɗu ko biyar, hannuna ya ƙi. Duk ɓarawon da na ƙirƙira sai in tsaya ina tunanin wa zai sa rigarsa, kuma ina zai yi sallar Juma'a bayan mun tafi. Na roƙa aka mai da ni shirin manoma. Yanzu ina rubutu a kan tsutsar gero, kuma ba wanda ya taɓa barin garinsu saboda ni.

Bayan sallar layya wani direban motar Yauri ya yi sallama a ƙofar gidana da kwando ɗaure da igiya. Ya ce wata mata ta ba shi, kuma ta ce a gaya mini sun koma Shanga, Gado yana jan taru da mutane. Ba ta ce a gaishe ni ba, na tambaya. Uwargida ta kwance kwandon, bandar tarwaɗa ce manya-manya, ta yi mana miya a ranar. Tana cikin kwashe sauran ta ce, "Malam, mene ne wannan?" A can ƙasa, ƙulle cikin ƙyallen atamfa, ɗan ƙaramin mabuɗi ne, ya yi baƙi da hayaƙi.

Na zauna da shi a tafin hannuna har tuwona ya huce. Ban ji haushinta ba. Ni wuni ɗaya na yi.